Shin Ko Kun San? Gumin Ɗalibai da Biliyoyin Jami'o'in Amurka

Shin ko kun san filin wasa mafi girma a duk faɗin Amurka na jami'a ne, ba na wata ƙungiyar ƙwararru ba? Filin Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana cin mutum 107,601, ya kusa ninka babban filin wasa na Abuja. Jami'o'i takwas ne a ƙasar suke da filin da ke ɗaukar sama da mutum 100,000, alhali babu ko ɗaya cikin filayen NFL, gasar ƙwararru ta zari-ruga irin ta Amurka, da yake da kujeru masu yawan haka. Duk ranar Asabar a lokacin kaka filayen nan cika suke yi maƙil, tikiti da tsadarsa, talabijin na haskawa kai tsaye. Yaran da ake tururuwar zuwa kallo kuwa, yawancinsu 'yan shekara 18 zuwa 22, sai a watan Yulin 2025 aka yarda jami'a ta ba su wani kaso daga kuɗin da suke jawo mata.

Shin ko kun san gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake yi a watan Maris, wadda ba ta wuce mako uku ba, ita ce saniyar tatsar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar? A 2010 kamfanonin CBS da Turner sun sayi izinin haska gasar na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A 2016 suka ƙara biliyan 8.8 don a tsawaita musu zuwa 2032. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten shi kaɗai ya ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 7 a 2022, na shekara bakwai.

To ina kuɗin suke zuwa? Shin ko kun san a mafi yawan jihohin Amurka, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi kocin wasa ne na jami'ar jiha? Ya fi gwamna, ya fi shugaban jami'ar da ta ɗauke shi aiki. Kirby Smart na Jami'ar Georgia ya sa hannu a 2024 a kan dala miliyan 13 duk shekara. Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, ta kuma ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Da NCAA ta taɓa ƙayyade albashin wani rukuni na ƙananan masu horarwa a kan dala 16,000 a shekara, kotu suka garzaya, suka yi nasara, aka biya su diyyar dala miliyan 54.5 a 1999. Wato koci yana da 'yancin cinikin guminsa, yaron da ake karya wa ƙashi a fili kuwa an daɗe ana hana shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shin ko kun san tun ran gini tun ran zane, kuɗi na cikin lamarin? Karawar farko tsakanin jami'o'i biyu a Amurka tseren kwale-kwale ce, Harvard da Yale, a tafkin Winnipesaukee a 1852. Wani jami'in kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyin tafiyar ɗaliban da masaukinsu, don jama'a su sayi tikitin jirginsa su je kallo. Ita kanta NCAA jini ne ya haife ta: a kakar 1905 aƙalla matasa 18 suka mutu a wasan zari-ruga, a kakar ce kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa Fadar White House ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa hukumar don kare lafiyar 'yan wasa, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1910. A 1929 kuma Gidauniyar Carnegie ta binciki makarantu 112, ta gano 81 daga cikinsu suna lallaɓa 'yan wasa da wani abu ta bayan fage.

Aƙidar cewa wasa na gaskiya shi ne wanda ba a karɓi ko kwabo a kansa ba daga Ingila ta ƙetaro, kuma ta masu hannu da shuni ce. A ƙarni na 19 ƙa'idar masu tseren kwale-kwale a can ta fito fili ta hana makaniki da mai sana'ar hannu da lebura shiga gasa. Ɗan mai kuɗi ba ya bukatar a biya shi, don haka ya mayar da rashin karɓar kuɗi abin alfahari. Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun Amurka na farko, ya ci zinare biyu a Olamfik ɗin Stockholm a 1912. Da shekara ta zagayo aka ƙwace su, saboda ya taɓa buga besbol an ba shi 'yan daloli. Ya rasu a 1953. Sai a 1983 aka miƙa wa iyalinsa lambobin.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Shin ko kun san laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", wanda ake ji a bakin kowane mai sharhi a Amurka, an ƙirƙire shi ne don kauce wa biyan diyya? A 1953 Kotun Ƙolin jihar Colorado ta yanke cewa wani ɗan wasan Jami'ar Denver, Ernest Nemeth, ya cancanci diyyar ma'aikaci saboda raunin da ya ji. Hankalin jami'o'i ya tashi. Idan ɗan wasa ma'aikaci ne, to duk ƙafar da ta karye da duk wuyan da ya gurɗe a kansu yake. Walter Byers, wanda ya jagoranci NCAA daga 1951 zuwa 1987, ya sa aka cusa sabon laƙabin a cikin ƙa'idoji da takardu, aka bukaci jami'o'i su riƙa amfani da shi a ko'ina.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa. A Satumban 1955 Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis A&M ya bugu a ka yana cikin wasa, ya ce ga garinku nan. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. A 1957 Kotun Ƙolin Colorado ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba kasuwancin ƙwallo take yi ba. A 1974 Kent Waldrep na Jami'ar TCU ya karye a wuya a wasansu da Alabama, jikinsa ya shanye. Jami'ar ta biya kuɗin asibiti na wata tara ta janye hannu. Ya shafe shekaru yana neman a amince shi ma'aikaci ne, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta ce a'a. Ya ƙarasa rayuwarsa a keken guragu, ya rasu a 2022. Shi kuwa Byers, bayan ya bar kujera, ya fito a littafinsa na 1995 ya faɗi yadda aka ƙirƙiri laƙabin da dalilin ƙirƙirarsa, ya juya wa tsarin da ya gina baya, har ya kwatanta shi da tunanin masu gandu na zamanin bauta. Maganar tana da nauyi idan aka duba su wane ne a cikin filin. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2018 ya nuna a manyan jami'o'i 65, baƙaƙen fata maza kashi 2.4 cikin 100 ne na ɗaliban digirin farko, amma su ne kashi 55 na 'yan zari-ruga da kashi 56 na 'yan kwando.

Ga wasu a gurguje. Shin ko kun san a ƙarshen 2010 an dakatar da 'yan wasan Jami'ar Ohio State biyar na wasa biyar-biyar saboda sun sayar da zobban nasara da riguna, kayan da aka ba su kyauta suka zama mallakinsu, sun kuma samu rangwame a shagon zanen jiki? Amma aka bar su suka buga babban wasan Sugar Bowl na Janairun 2011, aka ce hukuncin ya jira kaka mai zuwa. Reggie Bush ya mayar da kambin Heisman na gwarzon zari-rugar jami'o'i da ya ci a 2005 saboda alfarmar da aka yi wa iyalinsa, sai a Afrilun 2024 aka dawo masa da abinsa. Donald De La Haye ya rasa gurbinsa a ƙungiyar Jami'ar Central Florida a 2017 don ya ƙi daina samun kuɗi daga shafinsa na YouTube. An taɓa yin ƙa'idar da ta yarda a ba ɗan wasa wani irin burodi a matsayin abin taɓa baki, amma ta hana a haɗa masa da abin shafawa. A 2014 Shabazz Napier, tauraron Jami'ar Connecticut da ta ci kofin ƙasa a shekarar, ya shaida wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa. Ba a yi wata guda ba aka amince a riƙa ciyar da 'yan wasa ba tare da ƙayyadewa ba, ko da yake dama ana cikin duba ƙa'idar.

Masu cewa kada a biya su fa, suna da abin faɗa, kuma ba zan raina shi ba. Sun ce ai ana biya, da ilimi: kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, a ƙasar da wasu jami'o'in kuɗi ke cin sama da dala 80,000 a shekara. Sun ce 'yan wasan NCAA sun haura 500,000 a makarantu wajen 1,100, kuma waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, saboda haka takardar digiri ta fi albashin shekara huɗu amfani. Sun ce a 2019 sassan wasanni 25 kacal a manyan jami'o'i suka samu abin da ya fi wanda suka kashe. Hujjarsu mafi ƙarfi a wurina ita ce rarar zari-ruga da kwando ita ke riƙe da ninƙaya da kokawa da guje-guje, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar Amurka a Olamfik ɗin Faris ta 2024 sun yi wasa a jami'a.

Sai dai ilimin da ake tutiya da shi, wane irin ilimi ne? Ƙa'ida ta ce awa 20 a mako. Da hukumar ƙwadagon Amurka ta saurari 'yan wasan Jami'ar Northwestern a 2014, ta samu suna yin awa 40 zuwa 50 a mako a lokacin gasa, 50 zuwa 60 a sansanin atisaye. A Jami'ar North Carolina kuwa, bincike ya bankaɗo a 2014 cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai wajen 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da babu shiga aji, takarda ɗaya za ka miƙa a ba ka maki mai tsoka. NCAA ba ta hukunta jami'ar a kan darussan ba, don wai sauran ɗalibai ma sun amfana. Batun rashin riba kuma, mutum ya leƙa ginin da Jami'ar Clemson ta buɗe wa 'yan zari-rugarta a 2017 a kan dala miliyan 55: akwai shagon aski, akwai ƙaramin filin golf, akwai abin sulu da mutum zai zame daga bene zuwa ƙasa. Tunda an hana a ja ra'ayin yaro da kuɗi, sai aka koma jan ra'ayinsa da gini. Duk sashen da ya ƙuduri kashe abin da ya samu, ba za a taɓa ganin riba a littafinsa ba.

Shin ko kun san wasan bidiyo ne ya fara fasa wannan katangar? Ed O'Bannon ya jagoranci Jami'ar UCLA ta ci kofin kwando na ƙasa a 1995. Shekaru bayan nan, yana sayar da motoci a kusa da Las Vegas, ya je gidan wani abokinsa, ɗan abokin ya kunna wasan kamfanin EA Sports. Sai ga wani ɗan wasa a allo, baƙi, mai sanƙo, bahago, da lamba 31 a rigar UCLA. Suna kawai aka cire. Ba wanda ya nemi izininsa, ba wanda ya ba shi ko anini. Ya shigar da ƙara a 2009. A Agustan 2014 Mai Shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa ƙa'idojin NCAA sun saɓa wa dokar hana haɗa baki a kasuwa. EA ta daina fitar da wasan zari-rugar jami'o'i bayan 2013, sai a 2024 ta dawo da shi, wannan karon ta ba kowane ɗan wasa dala 600 da kwafi ɗaya, 'yan wasa sama da 11,000.

Daga nan abin ya zama kamar ambaliya. A ranar 30 ga Satumban 2019 Gwamna Gavin Newsom na Kalifoniya ya sa hannu a dokar da ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu, a cikin shirin tauraron kwando LeBron James. A ranar 21 ga Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara, waɗanda da wuya bakinsu ya zo ɗaya a manyan shari'u, suka haɗu suka kayar da NCAA a wata ƙarar 'yan wasa da ake kira Alston. Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin, ya ce a kusan kowace sana'a a ƙasar irin wannan tsari haramtacce ne ƙarara, ya ba da misali da gidajen abinci: ba za su haɗa kai su rage wa masu girki albashi ba da hujjar cewa masu saye sun fi son abincin da mai ƙaramin albashi ya dafa. Kwana goma bayan hukuncin NCAA ta sakar wa ɗalibai mara su yi tallace-tallace da sunansu, abin da Amurkawa ke taƙaitawa da NIL. A ranar 6 ga Yunin 2025 kuma Wilken ɗin nan dai ta amince da sulhun ƙarar Grant House, ɗan ninƙayar Jami'ar Arizona State: diyyar wajen dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016, kuma kowace jami'ar da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Shin ko kun san wasan ƙarshe na kwandon mata a 2024 ya fi na maza 'yan kallo, kusan miliyan 19 a kan ƙasa da miliyan 15? Shekara uku kafin nan 'yar kwando Sedona Prince ta ɗauki bidiyo da wayarta a wurin gasar: ga katafaren ɗakin motsa jiki na maza, ga na mata, 'yan ƙarafa a jere a kan kanta guda. Duk da haka rabon diyyar ya tafi kusan kashi 75 ga zari-ruga, 15 ga kwandon maza, 5 ga kwandon mata, 5 ga duk sauran wasanni. Wasu 'yan wasa mata sun ɗaukaka ƙara, suna kafa hujja da dokar 1972 da ta hana bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Sabon tsarin ma ya zo da nasa rikicin. A Satumban 2024 Matthew Sluka ya bar ƙungiyar Jami'ar Nevada ta Las Vegas bayan ta ci wasa uku a jere, wakilinsa ya ce an yi masa alƙawarin dala 100,000 da fatar baki ba a cika ba. Jami'ar Tennessee kuma 'yan kallo ta ɗora wa nauyin, ta ƙara kashi 10 a kuɗin tikiti don biyan 'yan wasa. Masu kuka da wannan hargitsi suna da gaskiya, amma ni ina ganin rashin rubutacciyar yarjejeniya ne ya jawo shi, ba biyan ba.

Shin ko kun san yaranmu na Afirka suna cikin waɗanda aka bari a baya? Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya kai Jami'ar Houston wasan ƙarshe sau biyu, 1983 da 1984, aka zaɓe shi gwarzon gasar 1983 duk da an cinye su, kafin a ɗauke shi na farko a NBA, gasar ƙwararru ta kwando, a 1984, gaban Michael Jordan. Tobi Amusan ta ci kofin NCAA na tseren tsallake shinge a 2017 tana Jami'ar Texas ta El Paso, kafin ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a 2022. Baƙi irinsu sun haura 20,000 a wasannin NCAA, kuma bizar karatu da yawancinsu ke riƙe da ita ta taƙaita musu yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Lubumbashi ta Kwango, gwarzon kwandon jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibiran Bahamas sannan ya duƙufa ɗaukar hotunan talla da sa hannu a kaya. Rahotanni sun ce ya haɗa wajen dala 500,000 a mako guda a can.

Ni dai ra'ayina a biya su, kuma a kira abin da sunansa, aiki. A nan ne tsugunne ba ta ƙare ba. Sulhun 2025 ya ba da kuɗi, bai amince su ma'aikata ne ba, don haka babu ƙungiyar ƙwadago da za ta zauna ta yi musu ciniki a kan awannin atisaye ko jinyar gwiwar da za ta dame su suna da shekara 40. 'Yan kwandon Kwalejin Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris ɗin 2024 don kafa ƙungiya, a ƙarshen shekarar aka janye buƙatar. Shin ko kun san da tsohon ɗan wasan Jami'ar Villanova, Trey Johnson, ya nemi kotu ta ba 'yan wasa mafi ƙarancin albashi kamar ɗalibin da ke aiki a ɗakin karatu, lauyoyin NCAA sun kafa hujja da wani hukunci na 1992 da ya ce fursunan da ke aiki a gidan yari ba ma'aikaci ba ne? A Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara da ke Philadelphia ta ce tsohuwar al'adar wasa ba biya ba ta isa hujja ba, ta mayar da ƙarar ƙaramar kotu ta auna ko aikin da yaran suke yi ya kai a kira su ma'aikata. NCAA kuwa ta nufi Majalisar Dokokin Amurka, tana neman a yi dokar da za ta ce su ba ma'aikata ba ne.